Ganin Dala Ba Shiga Birni Ba Ne: Jawabin Ma'ajin Ƙungiya a Kan Gidajen Dungal

  

Maganar da aka ɗora mana yau ita ce ta muhalli. Mafi yawanmu fatauci ya kawo mu Bauchi, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Zariya. Mun zo da niyyar shekara biyu, ga shi har mun aurar da 'ya'ya a nan. Amma da yawanmu rumfa ce kawai tamu, a Wunti ko Muda Lawal; ɗakin da muke kwana kuwa na wani ne.

To, kowa ya ji labarin gidaje 2,500 da gwamnatin Bala Mohammed, wadda ta hau a 2019, ta amince a gina a masarautun jihar nan, 1,500 daga ciki a Dungal, kan hanyar Jos. Tun daga lokacin ake ta tambayarmu: mu yi rububin filaye a can ne, ko mu jira rabon gida?

Jama'a, mu tuna baya. Shugaba Shehu Shagari ya yi alkawarin gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara. Sojoji suka kifar da shi a ƙarshen 1983 ba a cika alkawarin ba. Duk da haka, ku dubi unguwannin lokos na garin nan: da can cewa ake yi an kai mutane daji, yau gari ya haɗiye su. Darasi biyu ke nan. Sa hannun hukuma ba makullin gida ba ne, aikin yana cin shekaru. Amma inda aka yi gidaje, can hanya da kasuwa za su bi. Da sanyin safiya ake kama fara.

Sai dai a yi hattara. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen cikin birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallakarsu. Gefen gari shi ne wurin rikici, domin gonar jiya ita ce birnin gobe. Kuma idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka ake biya, ba ta ƙasar ba. Duk mun san ɗan'uwanmu da ya sayi fuloti da 'yar takardar shaidu kawai, ya kai gini linta, aka wayi gari an shafa masa jan fenti, wai hanya ce za ta bi ta wurin. Jarin shekara goma ya tafi. Allah Ya mayar masa da alheri.

Saboda haka shawararmu uku ce. Na farko, kada kowa ya biya ko kwabo sai an je ofishin ƙasa da safiyo an ga taswira, an kuma tabbatar da takardar a ƙaramar hukuma. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umurni take yi da a rubuta bashi a kafa shaidu. Balle cinikin gida. Na biyu, gidajen da ake biya kaɗan-kaɗan, mu kai wa malamai sharuɗɗan su duba mana, kada mu gudu daga haya mu faɗa riba. Na uku, mu buɗe asusun muhalli kamar yadda muke adashe, mu nemi fili da sunan ƙungiya, mu kuma tura dattawa su tambaya ƙarara ko mazauni irinmu, mai biyan haraji a nan, yana cikin rabo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wanda ke so ya ba sakatare sunansa kafin a tashi. Allah Ya rufa mana asiri, Ya zaunar da Bauchi lafiya. Wassalamu alaikum.