Shan Lemo da Cin Lemo



An nemi mu yi magana a kan abinci da lafiyar jiki. Wannan fage ne mai faɗi, ba a kuwa ratsa shi da yammaci guda. Saboda haka muka tsakuro batu ɗaya tak, wanda mai ji zai ɗauka bai kai a tara jama'a dominsa ba, watau bambancin da ke tsakanin cin 'ya'yan itace ɗungurungum da shan ruwan da aka tatsa daga cikinsu.

Bari mu fara da harshenmu. Bahaushe ba ya cewa ya ci lemo, sai dai ya sha. Haka mangwaro, haka kankana, haka rake. Kalmar lemo kuma yau ta ɗauki kaya uku. Akwai ɗan itacen da manyan motoci ke kwasowa daga Binuwai su jibge a Kasuwar 'Yan Lemo ta Kano, akwai ruwan da ake sayarwa cikin kwali, akwai kuma lemon kwalba, wanda sau da yawa bai taɓa haɗa hanya da wata itaciya ba. Na ukun nan kowa ya san matsayinsa. Ruɗanin yana tsakanin na farko da na biyu, domin galibinmu mun ɗauka abu ɗaya ne, sai dai wancan a ɓawo, wannan a kofi. Ku dubi ma yadda muke yi da ɗan itacen kansa. Mai talla zai fere ɓawon, ya yanke kan, mai saye ya matsa ya tsotse, ya yi jifa da sauran. Wanda ya bi ta tashar mota lokacin kakar lemo ya ga irin tulin da ake bari. To, abin da muke jefarwar nan shi ne batunmu na yau.

Turawa suna kiransa faiba, mu kuwa za mu kira shi harza. Ita ce wannan zare-zare da tantani da tsokar da ke riƙe da ruwan ɗan itace, wadda hanjin ɗan Adam ba ya iya narkarwa. Da daɗewa masana sun ɗauke ta a matsayin shara mai wucewa kawai. Cikin waɗanda suka sauya wannan ra'ayi akwai wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru wajen 20 yana aiki a Yuganda. Shi da abokin aikinsa Hugh Trowell sun lura cewa bushewar ciki da kansar hanji da wasu cututtukan da suka addabi mutanen Ingila ba su da yawa a ƙauyukan da ake cin hatsi da dusarsa da wake da ganye. A farkon shekarun 1970 suka bazama suna faɗa wa duniya cewa sirrin yana cikin harza. Ba dukan da'awarsu ce ta tsaya da ƙafarta ba, amma gindin maganar yana nan daram.

Ga lissafi mai sauƙi. Matsakaicin lemon zaƙi guda yana ɗauke da sukari wajen giram 12 da harza wajen giram 3. Kafin a cika kofi mai cin mililita 250 sai an matse lemo biyu ko uku, wani lokaci ma fiye. A cikin kofin nan za a sami sukari sama da giram 20, watau kimanin ƙaramin cokalin shayi 5, harza kuwa ba ta kai giram 1 ba. Lemon kwalba mai wannan yawan yana da sukari wajen giram 26. Kun ga tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Muna kuma magana ne a kan zallar ruwan lemo, wanda ba a ƙara masa ko ƙwayar sukari ba.

Mai tambaya zai ce, ai sukarin da ke kofin shi ne dai wanda ke cikin ɗan itacen, ina laifin wanda ya sauƙaƙa wa haƙoransa aiki? An amsa wannan tun 1977, a wani gwaji da likitoci suka yi a birnin Biristol na Ingila, aka buga a mujallar Lancet. Sun sami mutum 10 lafiyayyu, suka ba su tuffa ta hanya uku: ɗungurungum, da markaɗaɗɗiya, da tataccen ruwanta, kowace hanya da sukari giram 60 daidai wa daida. Mutanen suka shanye ruwan cikin sauri ninki 11 na yadda suka cinye tuffar. Ruwan bai ƙosar da su kamar tuffar ba. Sukarin jininsu ya hau kusan daidai a duka ukun, amma bayan shan ruwan jiki ya fitar da insulin mai yawa, watau sinadarin da ke kwashe sukari daga jini, har sukarin ya rikito ƙasa da inda ya faro. Bayan cin tuffar ba a ga wannan rikitowa ba. Markaɗaɗɗiyar ta tsaya a tsakiya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A cikin ɗan itace sukari yana ƙunshe cikin ƙananan ɗakuna masu bango, sai haƙori ya fasa, ciki ya dama, sa'an nan ya fito sannu a hankali. Wani nau'in harzar kuma yakan kumbura ya yi yauƙi, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi. Taunar kanta tana cin lokaci, kuma a cikin wannan lokacin ne ciki ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙon an ƙoshi. Wane ne cikinmu zai zauna ya cinye lemo uku da tsokarsu, sa'an nan ya jawo kwanon shinkafa ya share? Amma kofi guda, kai har biyu, sai ya bi bayan shinkafar ba a ji komai ba.

Gwajin mutum 10 na 'yan sa'o'i ba ya nuna abin da zai faru bayan shekara 20. Don haka sai mu dubi binciken da masanan Jami'ar Harvard ta Amurka suka fitar a 2013, inda suka bi sawun ma'aikatan lafiya fiye da 187,000 na tsawon shekaru, sama da 12,000 daga cikinsu suka kamu da ciwon sukari irin na manya. Masu yawan cin 'ya'yan itace ɗungurungum, musamman inabi da tuffa da wani ɗan itace shuɗi da ba ya fitowa a ƙasarmu, sun fi tsira. Masu shan kofin ruwan 'ya'yan itace ko fiye kowace rana kuwa, haɗarinsu ya ƙaru da abin da ya kai kashi 21 cikin 100. Adalci ya sa mu ce irin wannan bincike tafiya tare yake nunawa, ba ya yanke hukuncin cewa wannan ne ya haifi wancan. Sai dai ya zo daidai da abin da aka gani a Biristol. Wani binciken kuma da aka yi a kan mutum kusan rabin miliyan a ƙasar Sin, aka buga a 2017, ya nuna masu cin ɗanyen ɗan itace kullum sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon da kashi 12 cikin 100, waɗanda suka riga suka kamu ma cinsa bai cutar da su ba, hasali ma sun fi samun sauƙi. Muna jaddada wannan ne saboda dattawanmu da yawa masu ciwon sukari sun haramta wa kansu gwanda da gwaiba, alhali suna karɓar lemon kwali daga hannun masu zuwa dubiya.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sakakken sukari ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a rana, watau wajen giram 50 ga baligi, in da hali ma a rage zuwa rabin haka. Abin lura shi ne, ta sa ruwan 'ya'yan itace da zuma a layi ɗaya da sukarin shayi, ta kuma cire sukarin da ke cikin ɗan itacen da ba a tatsa ba. A Ingila, komai yawan ruwan da mutum ya sha, mililita 150 kaɗai ake lissafa masa cikin kason 'ya'yan itace da ganye na rana.

To, daga ina ruwan lemo ya samo wannan farin jini? Da farko dai da guminsa ya samu. A 1747 wani likitan sojan ruwan Ingila, James Lind, ya gwada magunguna iri-iri a kan matuƙa jirgi 12 masu fama da cutar da ke kumbura dasashi ta zubar da haƙora, sai waɗanda ya ba lemon zaƙi da na tsami suka farfaɗo. Daga 1795 aka riƙa raba wa sojan ruwa ruwan lemon tsami. Yau mun san bitamin C ne ya yi aikin. Sauran farin jinin kuwa 'yan kasuwa ne suka ƙera shi. Manoman Kalifoniya masu tambarin Sunkist sun noma lemon da ya fi ƙarfin masu saye, sai a 1916 suka fito da tallar da ke kiran Amurkawa su riƙa shan lemo, har suna sayar da abin matsewa da araha. Sun gane cewa mai ci guda yake ci, mai sha kuwa sai ya matse biyu ko uku.

Ba muna cewa ruwan 'ya'yan itace guba ba ne. Majinyacin da ba ya iya tauna yana amfana da shi. Mai ciwon sukarin da sukarinsa ya faɗi, jiki na rawa gumi na keto masa, rabin kofi zai iya ceto shi, saboda saurin nan da muke kuka da shi. Damuwarmu ita ce matsayin da muka ba shi. Matashi ya kama aiki, albashi ya fara shigowa, ya sayi firji, sai kwalin lemo ya zama shaidar an waye, a ajiye wa baƙo, a sa wa yaro cikin jakar makaranta, a cika tebur da shi lokacin buɗa baki. Kanya da magarya da goriba da ɗinya kuwa an bar wa 'yan ƙauye.

Masu 'ya'ya ƙanana su riƙe wannan. A 2017 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada a ba jaririn da bai shekara ba ruwan 'ya'yan itace, ɗan shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a rana. Yaron da ke yini yana tsotson ruwan zaƙi daga bulumboti, haƙoransa suna jiƙe ne cikin sukari da tsami, ga shi kuma ya toshe cikinsa ya ƙi abinci. Yaro mai gudawa ma ba lemon kwali yake bukata ba, domin yawan sukarin yana jawo ruwa cikin hanji ya ƙara tsananta ta. Ruwan gishiri da sukari na asibiti, wanda aka auna, shi ne maganin.

Wanda ya ce lalle sai ya sha, to ya markaɗa, kada ya tace, kada kuma ya ƙara sukari. Wanda zai sayi na kwali ya juya bayansa ya karanta, domin abin da aka fara rubutawa cikin jerin kayan haɗi shi ya fi yawa a ciki, kuma sau da yawa za ku tarar ruwa ne da sukari, ɗan itacen da aka zana a gaba yana can na uku ko na huɗu. Mai sayen lemo a bakin ƙofar makaranta kuwa, in an fere masa, sai ya ce a tsaga gida huɗu maimakon a yanke kai. Kuɗin ɗaya ne, wuƙar ma ita ce.

Shugaban taro, a nan za mu dakata domin a sami lokacin tambayoyi.