Farantin Alminiyam a Ƙirar Jiragen Ruwa: Abin da Ya Dace da Gulaben Kebbi

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani a Sabon Garin Jega



Gabatarwa

Kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, kuma Gulbin Zamfara na cikin abin da ya ɗaukaka ta. Har gobe, idan ruwa ya cika fadama, manoman shinkafa da 'yan kasuwa kwale-kwalen katako suke hawa. Amma itacen sassaƙa irin su maɗaci da kawo ya yi wuya, jirage na tsufa ana ta toshe ɓula. Ba mu manta hatsarin Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski ba, a watan Mayun 2021, inda jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara. Wannan takarda na duba ko alminiyam zai iya maye gurbin katako.

Wane irin faranti?

Farantin jirgi dabam yake da kwanon rufi, dabam da wanda ake narkawa a zuba tukwane. Gauraye ne da sinadarin magniziyam, kuma da lamba ake sayensa: 5052, 5086 ko 5083. Na ƙarshen, mai magniziyam fiye da kashi 4 cikin ɗari, shi ake sa wa jiragen teku saboda gishiri. Ruwanmu ba gishiri, don haka 5052 mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ya wadatar da ƙaramin jirgin fito. Nauyin alminiyam kusan sulusin na ƙarfe ne. Jirginsa ba ya nitsa ciki sosai, zai bi ruwa marar zurfi da rani, injinsa kuma ba ya shan mai da yawa. Ba ya tsatsa, gara ba ta cin sa.

Inda gizo ke saƙa

Na farko walda. Mai waldar ƙarfe ya saba ganin ƙarfe ya yi ja kafin ya narke. Alminiyam ba ya canza launi: yana kai zafin digiri 660 sai kawai ya zube, ya bar rami. Dole a goge bakin farantin da burushin da bai taɓa ƙarfe ba, a yi aiki da iskar argon cikin rufaffen shago, domin iskar bakin titi na kore ta, ɗinkin ya fito da ƙananan ƙofofi.

Na biyu, alminiyam ba ya shiri da tagulla. Guntun wayar lantarki da aka bari cikin ruwan da ya kwanta a gindin jirgi zai iya cin farantin sannu a hankali har ya huda shi.

Na uku ya fi muhimmanci. Kwale-kwalen katako idan ya kife sau da yawa yakan tsaya a saman ruwa, mutane su riƙe shi. Na alminiyam ƙasa zai tafi, sai fa an gina masa rufaffun akwatunan iska ko an cusa soso mai hana nutsewa ƙarƙashin kujeru.

Sai tsada. Kamfanin alminiyam na ALSCON da ke Ikot Abasi ya daɗe ba ya aiki, farantin kuwa daga waje ake shigo da shi.

Shawarwari

1. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero ta ƙera jirgin gwaji ɗaya tare da masassaƙan jirgi na gargajiya, domin su suka san halin gulbi.
2. A horar da masu waldar Jega, Aliero da Maiyama a kan waldar argon.
3. Ƙungiyoyin matuƙa su haɗa kuɗi su sayi faranti a dunƙule, su nemi takardar shaidar lambarsa.
4. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa (NIWA) da sarakunan ruwa su sa a rubuta adadin fasinja a jikin kowane jirgi.

Kammalawa

Alminiyam zai magance ruɓewa da yoyo. Lodin da ya wuce ƙima, tafiyar dare da rashin rigar kariya kuwa, doka da tsawatarwar shugabanni ne maganinsu, kuma tare ya kamata a fara ayyukan biyu.