Baƙin ƙudan da ke huda katakon rumfa, da yadda muka rabu da shi

 Yau maganar gida za mu yi, maganar katako da wani ƙwaro da ya kusa kayar da rumfa a kan mahaifiyata.

Akwai rumfar kwano a tsakar gidanmu, a nan Inna take zama da hantsi tana tsince wake, jikoki na wasa kusa da ita. Wata rana ta ce da ni, "Kai, wannan garin katakon da nake sharewa kullum, daga ina yake zubowa?" Na ɗaga kai, sai ga rami a jikin katakon da ke riƙe da kwanon, zagayayye sumul kamar an sa na'ura an huda, ƙaramin yatsana zai iya shiga. Na ƙirga, guda bakwai. Ga wani ƙaton ƙwaro yana shawagi a wurin, yana ƙugi kamar ƙaramin babur. Yara suka ce buzuzu ne.

To, ba buzuzu ba ne. Dangin ƙudan zuma ne, masana na kiran jinsinsa Xylocopa, kuma akwai kusan iri 500 a duniya. Ba ya zama a amya, ba ya tara zumar da za a sha. A cikin busasshen itace yake gida.

Bari in faɗa muku kuskuren da na yi, don kada ku maimaita. Na sayo maganin sauro na feshi, na bi wanda ke shawagin nan ina fesa masa har gwangwani ya ƙare. Sannan na kwaɓa laka na toshe ramukan, na ce shi ke nan. Ba a yi mako biyu ba sai ga sabbin ramuka a gefen tsofaffin, garin katako kuma ya dawo kan tabarmar Inna.

Sai na kira kafintan unguwarmu, dattijo ne. Ya hau tsani, ya ƙwanƙwasa katakon da guduma, muka ji yana amsawa kamar ganga. Ya ce, "Malam, wannan ai ciki ya tafi. Kada Hajiya ta ƙara zama a nan sai mun canja shi." Da ya sauke katakon ya tsaga shi, wallahi sai da jikina ya yi sanyi. Dogayen hanyoyi ne a ciki, wata kusa da wata, abin da ya rage tsakaninsu bai fi kaurin kwali ba.

Ga yadda abin yake. Macen ce mai hudawa. Takan shiga kamar santimita 2 zuwa 3, sai ta karya kwana ta bi tsawon katakon, ta yi rami na santimita 10 zuwa 15. Ba cin katakon take yi ba, tauna shi take ta zubar, shi ne garin da ake gani a ƙasa. A cikin ramin takan jera ɗakuna kamar shida zuwa takwas. Kowane ɗaki ta ajiye curin garin fure da ruwan fure, ta saka ƙwai ɗaya, ta toshe da taunannen katako. Rami ɗaya na shekara ɗaya ba ya kayar da rumfa. Matsalar ita ce suna dawowa tsohon gida, su ƙara tsawonsa, su fitar da rassa, shekara bayan shekara. Ruwan sama kuma ya samu hanyar shiga, katako ya fara ruɓewa. Namu ya yi shekaru ana ɗaukarsa ba komai ba.

Wanda na ɓata maganina a kansa kuwa, mai zuwa har gaban fuskar mutum, galibi namiji ne, kuma ba shi da ƙarin harbi ko kaɗan, barazana ce kawai. Macen tana da harbi, amma ba ta cika yi ba sai an kama ta ko an tura yatsa cikin raminta. Don haka a ja wa yara kunne.

Yanzu me za a yi? Na farko, ka tabbatar da abin da kake fama da shi. Gara tana zuwa da ƙasa, tana lulluɓe hanyarta. Gunda ramukanta ƙanana ne kamar na allura, garinta laushi kamar fulawa. Wannan kuwa raminsa ya kai santimita ɗaya ko fiye, garinsa tsakin-tsaki ne, sau da yawa kuma akwai tabo mai ruwan ɗorawa a ƙasan ramin.

Na biyu, ƙwanƙwasa katakon. In yana ɗauke da nauyi kuma ya yi ƙarar fanko, kada ka tsaya neman magani, canja shi kawai.

Na uku, in katakon da sauran ƙarfinsa, sai a gama da abin da ke ciki kafin a toshe. In ka toshe da su a ciki, za su huda wata ƙofar su fita, kamar yadda suka yi mini. Hanya biyu ce. Ko ka jira da rana macen ta fita kiwo, ka tura waya mai lanƙwasuwa ta bi kwanar ta farfasa ɗakunan. Ko kuma, in ramukan sun yi yawa, ka sayi garin maganin ƙwari a shagon kayan noma, ka hura shi cikin ramin bayan faɗuwar rana lokacin da suke ciki, ka bar ramin a buɗe kwana biyu ko uku. Ka rufe hanci, ka sa safar hannu, ka bi abin da aka rubuta a jikin maganin, a kwashe abinci da yara daga wurin. Don Allah ban da fetur, ban da wuta. Rumfa kake son ceta.

Na huɗu, a fiƙe ɗan katako daidai bakin ramin, a shafa masa gam, a buga shi ciki, a goge.

Na biyar, kuma shi ne maganin gaskiya: fenti. Wannan ƙudan ya fi son katako mai taushi, tsirara, wanda rana da ruwa suka ci. Fentin mai shafi biyu, ko banish, yana rage masa sha'awa sosai. Kada a manta da ƙasan katako da bakin da aka yanka, nan ne mai fenti yake tsallakewa. In za ka yi sabon aiki kuma aljihu ya yarda, katako mai tauri irin su maɗaci ya fi jurewa.

Abu na ƙarshe. Kada mu ce sai mun ga bayansa gaba ɗaya. Wannan ƙudan yana cikin masu ɗaukar garin fure daga fure zuwa fure a gonar wake, da tumatir, da gauta. Waken da Inna take tsincewa a ƙarƙashin rumfar, wataƙila da hannunsa a ciki. Shi ya sa kafintan ya ba ni shawara na jingine wani busasshen kututture a bayan gida, nesa da ɗakuna. Can suka koma, muna jin ƙuginsu, ba mu kula su.

Rumfarmu dai an canja katako biyu, an yi fenti, Inna ta koma wurin zamanta. Kai ma mai sauraro, yau in ka koma gida, ɗaga kai ka duba rumfarka da bakin rufin ɗakinka, ka kuma duba ƙasa ko akwai gari.