Ina ɗan kwikwiyo zai kwana: cikin shinge ko bisa shimfiɗa?

 

Yau zancenmu bisa ɗan kwikwiyo ne, da wurin kwanansa. Wani zai ce: kare ma har sai an yi masa ɗaki? To, ku saurara. Kare inda ya saba kwana yana ƙarami, nan zai tsare in ya girma. Wanda ya tashi ƙofar madafa, tukunya zai tsare. Wanda ya tashi cikin warin tumaki, shi ne zai tashi da dare in dila ko ɓarawo ya kusato garke. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A birane, masu kare na gardama tsakanin abu biyu: keji mai ƙofa da ake rufewa, ko ƴar katifa a buɗe. Mu a karkara tambayar ɗaya ce: a yi masa shinge, ko a jefa masa buhu ya kwana inda ya so?

1. Kada a raba shi da uwa da wuri

Kwikwiyo ana haihuwarsa ido rufe, sai wajen kwana 10 zuwa 14 yake buɗewa. Makonnin farko jikinsa ba ya riƙe ɗumi da kansa, ɗumin uwa da na ƴan'uwansa ke raya shi. Ku bar shi wurin uwa har mako 7 ko 8. Kafin nan ba shi da wani makwanci sai gefenta.

2. Shimfiɗa a buɗe

Amfaninta, ba ta cin kuɗi, kuma kwikwiyo na iya matsawa in zafi ko sanyi ya dame shi. Amma ɗan wata 2 ba ya zama wuri guda. Zai bi ɗumi ya shiga ɗakin yara. Zai tauna igiya da takalmi. Saniya ko jaki na iya taka shi cikin duhu. Zai yi kashi kusa da harawa da kwarin shan ruwa. Kuma dare ne lokacin yawon karnukan da ba su da mai su. Cizo guda ya isa ya sa masa ciwon hauka.

3. Shinge

Shinge na kare shi daga duk waɗannan. Amma shinge ba kurkuku ba ne. Kada a kife shi da kwando. Kada a sa shi cikin tsohuwar gangar ƙarfe: da bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi na wuce digiri 40, ganga ta zama tanda. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Kada kuma a ɗaure ƙarami da igiya a wuya a tafi barci. Yana iya naɗewa ya shaƙe.

4. Shawararmu: a haɗa biyun

Daga wata 2 zuwa wata 4, lokacin ne kwikwiyo ke sabo da abin da zai ɗauka danginsa. Ku yi masa ɗan shinge na kara ko itace, taki 2 kowane gefe, manne da garkar ƴan tumaki ko ƴan awaki, yadda zai gan su, ya ji warinsu, su ma su saba da shi.

Cikin shingen a yi kusurwa biyu. Kusurwa ɗaya da rufin zana, a ɗan tada ƙasarta don ruwan damina, a zuba yashi mai tsabta, a shimfiɗa buhun gara ko tsohon tsumma. Ɗaya kusurwar a bar ta fili, don ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari dare guda, kuma kare ba ya son ɓata inda yake kwance. A aje kaskon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba.

Da ɗari, Disamba da Janairu, a tare gefen gabas da arewa da zana, nan iskar hunturu ke fitowa, a ƙara buhu. Da bazara a cire buhun, a bar masa yashi da inuwa, iska na ratsawa.

Daren farko zai yi kuka, kewar uwa ce. Kada a buge shi, kada kuma a ɗauke shi a kai ɗaki. Ku sa masa tsumman da aka goga jikin uwarsa. Cikin ƴan kwanaki zai daina.

Da rana a buɗe shi ya shiga cikin ƙananan bisashe, mutum na kallo. In ya fara cizon kunnen ɗan tunkiya da wasa, a tsawata masa nan take. A bar masa ƴar kafa da zai tsere in tunkiya mai jego ta kai masa karo. Bayan wata 4 a fara barin ƙofa buɗe sannu sannu. In ya natsu, shimfiɗa kaɗai ta ishe shi, bakin garke. Ƴan'uwanmu na Azawak, wajen Abalak da Cintabaradan, karnukansu cikin zango suke tashi tare da bisashe, shi ya sa ba su yarda baƙo ya kusato.

5. Tsabtar makwanci

Kaska da ƙuma na ɓuya cikin shimfiɗa da tsagar bango. Kowace safiya a kakkaɓe buhu a shanya. In ya lalace a ƙone shi, a sake yashi. Kada a zuba wa kwikwiyo maganin kaskar shanu ko maganin ƙwarin wake. Abin da sa ke ɗauka yana kashe ƙaramin kare.

Kashinsa a kwashe a binne kullum. Dalili: kare da ya ci ɗanyen kai ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa yana ɗaukar tsutsar ciki. Ƙwanta na fita cikin kashinsa, ya hau ciyawa. Tunkiya ta ci, sai ka ga tana kewaya wuri guda har ta mutu, ko a yanka a tarar da ƙullutu cike da hanta. Irin ta hanta da huhu na kama mutum ma. Don haka a dafa kayan ciki kafin a ba kare, a nemi maganin tsutsa wurin likitan bisashe, yara su wanke hannu da sabulu.

6. Allurar haukan kare

In ya kai wata 3, a kai shi gidan kiwo a yi masa allura, a riƙa maimaitawa yadda likita ya faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon nan na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasari a Afirka da Asiya, yara da yawa cikinsu. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi likita ranar nan, ba gobe ba. In alamun ciwon suka fito, babu magani.

Jama'a, kara da zana da buhu duk muna da su gida. Aikin yini guda ne. Wanda ya ji, ya faɗa wa maƙwabcinsa. Mai tambaya ya tuntuɓi ma'aikacin kiwo na yankinsa. Allah ya albarkaci garke. Sai wani zama.