Jawabin Shugaban Taro a Bikin Ƙaddamar da Littafin Bincike kan Wariya Wajen Ɗaukar Ma'aikata



Mai girma wakilin Gwamna; Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka; Shugaban Jami'a da mataimakansa; shehunnan malamai; babban mai ƙaddamarwa; mai sharhin littafi; iyayenmu mata; 'yan jarida; ɗalibai; da sauran manyan baƙi.

Ina godiya ga Sashen Nazarin Zamantakewa da ya ɗora mini shugabancin wannan taro. Sashen nan ya yaye masu digiri na biyu da na uku, ya riƙe mujallarsa tana fitowa har a shekarun yajin aiki, ya horar da ma'aikatan ƙananan hukumomi, ya tura ɗalibansa ƙauyuka da kasuwanni, yau kuma ga littafi. Allah ya ƙara basira.

Wariya abu ce da kowa ya san da ita, amma kama ta da hujja sai an yi dabara. A 2004 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka wallafa wani bincike a Amurka. Sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa ga masu ɗaukar ma'aikata a Boston da Chicago, ƙwarewa iri ɗaya, suna kawai ake sauyawa. Sunaye irin na farar fata, su Emily da Greg, sun fi su Lakisha da Jamal samun kira da kashi 50 cikin ɗari. A 2010 aka wallafa sakamakon makamancin wannan gwaji da aka yi a Faransa da sunaye biyu masu asalin Sanagal: Marie Diouf ta samu kira kusan ninki biyu da rabi na abin da Khadija Diouf ta samu.

'Ya'yana na baya can, ku ajiye wayoyin nan. Ku ne za ku fita da takarda a hannu badi, maganarku ake yi.

Mu a nan dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta wariya saboda ƙabila, addini, jinsi ko wurin asali. Hukumar Raba Daidai ta Tarayya tana nan tun 1996. Dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a 2019 ta ware musu kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati. Duk da haka, yaron da aka haifa a Jos ko a Sabon Garin Kano, aka haifi ubansa a can, sai ya je neman takardar ɗan asalin ƙaramar hukuma a ce ya koma garin kakansa, garin da bai taɓa takawa ba. Mai babbar difloma yana kallo a fifita mai digiri a kansa. Mace kuwa tambayar farko ita ce ko tana da aure.

Yanzu ga abin da ya kawo ni, kuma ranka ya daɗe wakilin Gwamna, ka kai saƙon nan yadda na faɗe shi. Masu binciken wannan littafi ba su iya ƙirga abin da aka ɓoye. Sun rubuta wa ma'aikatu suna neman jerin waɗanda aka ɗauka, ana ta ce musu maigida ba ya nan, su dawo gobe. Alhali Dokar 'Yancin Samun Bayanai tana nan tun 2011! Ana ɗaukar ma'aikata ba tare da an tallata gurbin ba, sai dai ka ga ɗan wane ya fara zuwa ofis. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ya saurari shaidu kan sayar da guraben aiki, duk ƙasa ta ji. To, me ake tsoro a cikin fayil? Wanda ya ɗauki ma'aikata bisa gaskiya shi ya fi kowa buƙatar a buɗe fayil ɗin, domin shi ne zai wanke shi. Ku ba malaman nan bayanai. Ku ba su kuɗin da za su yi irin gwajin Boston a Kaduna da Abuja da Legas, mu san nawa ne sunan mutum yake jawo masa asara a ƙasar nan.

Masu ƙaddamarwa, alƙawari kaya ne. Wanda ya ambaci adadi a lasifika, ma'aji yana bakin ƙofa, a cika yau kafin a watse.

Da wannan nake buɗe taro, kuma ina gayyatar mai sharhin littafi ya matso.