Wane itace, a wane wuri: jawabin kwamitin dashe a bikin zagayowar ranar ƙungiya

Shugaba, iyayenmu, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka daure suka zo, sannunku da zuwa.

An ba kwamitinmu ɗan lokaci mu yi bayani kan itatuwan da za mu dasa a filin ƙungiya bana. Kuɗin da aka ware daga asusu ba shi da yawa, kuma gumin kowace ce a cikinmu, shi ya sa muka ƙi sayen ko dashe ɗaya sai da muka zagaya filin da ƙafa. Filin nan kashi uku ne: gefen rijiya da ɗakin injin niƙa, tudun arewa inda iskar hunturu ke shigowa, sai kwarin da ruwa ke kwanciya duk watan Agusta. Itacen da zai ji daɗin wuri ɗaya, wani wurin kashe shi zai yi.

Wasu 'yan uwa sun nuna mana hoto a waya, wani itace a bakin tafki mai rassa zube har ƙasa, suka ce shi suke so. Turawa na kiransa wilo. Kyakkyawa ne, ba musu. A Ingila da sauran ƙasashen sanyi a bakin kogi ake dasa shi, reshe kawai ake yanka a soka a danshi ya kama, kamar yadda muke yi da cediya, kuma da tsumagun wasu ire-irensa ake saƙa kwanduna. Amma mashayin ruwa ne na gaske. Can ma ana gargaɗin kada a kai shi kusa da gida, don saiwarsa na bin danshi har ta toshe bututun ruwa. To mu da muke yin wata bakwai ba ɗigon ruwan sama, wa zai riƙa ɗebo masa? Mun bar shi a waya.

Namu na gida ma akwai masu irin wannan hali. Cediya da durumi ba su da na biyu wajen inuwa, amma saiwarsu na ɗaga daɓe, ta tsaga katanga, ta shiga shadda. Za mu dasa cediya ɗaya tak, can bakin hanya, taku ashirin daga gini, don masu jiran niƙa su samu wurin zama. Shi kuwa turare, wanda ake yawan rabawa kyauta, ba zai matsi rijiyarmu ba. Yana saurin girma, yana ba da azara, amma da ruwan ƙasa yake biyan kansa, kuma abin da aka shuka a gindinsa ba ya yin kirki.

A gefen rijiya mun zaɓi abin da zai shiga tukunya ko aljihu. Zogale, wanda cikin 'yan watanni ake fara tsinkar ganyensa, in dai ana datse kansa kada ya zarce sama. Mangwaro mai aure guda huɗu. Ya fi na ƙwallo tsada, amma shekara uku zuwa huɗu yake fara 'ya'ya. An kawo maganar kaɗanya saboda masu yin man kaɗe a cikinmu. Ita sai ta haura shekara 15, jikokinmu za su tsinta. Duk da haka mun ce a sa biyu.

Shinge ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Bini-da-zugu akuya ba ta cinsa, sai dai 'ya'yansa guba ne, ga shi yaranmu a nan suke wuni. Mun tsaya a kan lalle. Yana jure fari, yana cika ya toshe kafa in ana aske shi, ganyen kuma ba sai mun faɗa muku kasuwarsa ba lokacin biki da salla.

Tudun arewa na darbejiya ne, layi biyu, ta tare mana iska da ƙura. Baƙuwa ce ita ma, daga Indiya ta fito, amma baƙuwar da ta iya zama da ƙishirwa. Akwai kuma kututturan gawo uku da ke tohowa a wurin. Don Allah kada wadda ta sare su. Manoman Maraɗi sun dawo da itatuwa a gonakinsu ta hanyar barin irin wannan toho, a rage rassan a bar masu ƙarfi. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, da rani kuma 'ya'yansa abincin tumaki ne. Kwarin kuwa giyayya da gwaiba za mu gwada, su ne ba sa tsoron ruwa ya kwanta musu.

Dashe sai ruwa ya zauna, cikin watan Yuli. Kowane rami zurfin kamu ɗaya, a cakuɗa ƙasar da takin da ya ruɓe, ba ɗanye ba. Kowace mamba ta zo da ƙaya ko tsohon kwando na kare dashenta daga awaki. Ban ruwa daga Nuwamba zuwa Mayu bi da bi za mu yi, mutum biyu kowace rana. Takardar na hannun sakatariya a bakin ƙofa, a rubuta suna kafin a zauna cin abinci.