Yini Guda a Tsibirin Gore

  An umarce mu da mu ba da bayanin wata ziyara da muka kai, mu 'yan tsofaffin malaman makaranta, a ƙarshen watan Yuni na bara, zuwa wani ɗan tsibiri da ake kira Gore, a gaban birnin Dakar na ƙasar Senegal. Mun daɗe muna koyar da sunansa a aji, muna nuna shi da tsinken alli a kan taswira, amma Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Da hantsi muka isa tashar jirgin fito. Lokacin a nan gida an yi shuka, amma can damina ba ta sauka ba tukuna, rana na dukan ka, iskar teku na ba da haƙuri. Abin da ya fara jan hankalinmu shi ne tsari. Kowa sai ya yanki tikiti, kuɗin ɗan ƙasa daban, na sauran 'yan Afirka daban, na Bature daban, kuma jirgi na da lokacin tashi, ba ya jiran a cika. Mutanen Senegal sun san tsadar sakaci a kan ruwa, domin a watan Satumba na 2002 jirginsu mai suna Joola ya kife da lodin da ya wuce ƙima, mutum fiye da 1,800 suka rasu. Mu kuwa 'yan tudu ne. Da jirgi ya fita daga mashigin tasha ya fara rausaya, wani dattijo a cikinmu, wanda ya shekara talatin yana razana ɗalibai da tsawa, sai ga shi ya riƙe kujera da hannu bibbiyu, bakinsa na motsi. Tafiyar ba ta wuce minti 20 ba, nisan kuma kimanin kilomita 3 ne.

Tun daga nesa ake hango tsibirin gaba ɗayansa. Tsawonsa kamar mita 900 ne, faɗinsa bai kai rabin haka ba, mazaunansa kuma ba su cika dubu biyu ba. Babu mota, babu babur, sai ƙafa. Lunguna ne na rairayi, gidaje masu bene da fentin ja da rawaya, furanni sun leƙo ta kan katanga. A gefen gada yara na tsunduma cikin ruwa suna cafe kwabban da baƙi ke jefawa.

Wannan ɗan wuri, duk da ƙanƙantarsa, manyan ƙasashe sun yi ta ƙwace shi daga hannun juna. Turawan Fotugal ne suka fara isa a 1444, sannan na Holan, waɗanda suka raɗa masa sunan da ya koma Gore. Faransa ta karɓe shi a 1677, Ingila ta sha riƙe shi na ɗan lokaci, har ya tabbata a hannun Faransa a 1817, ya zauna haka sai da Senegal ta sami mulkin kai a 1960. Dalilin rububin shi ne yana da mafakar jiragen ruwa mai kyau, kuma yana da sauƙin tsaro. Har yau akwai ganuwa a kowane ƙarshensa: ta arewa an mayar da ita gidan adana kayan tarihi, ta kudu tana kan tudu da manyan igwa da suka yi tsatsa.

Duk wanda ya sauka daga jirgi, wuri guda ya nufa, wato Gidan Bayi. An gina shi a ƙarshen ƙarni na 18. Daga tsakar gida akwai matakala biyu da suka lanƙwasa zuwa bene, inda masu gida ke zaune suna shan iska. A ƙarƙashinsu kuwa ɗakuna ne ƙanana masu duhu da danshi, an rubuta wannan na maza, wannan na mata, wannan na yara. Ƙarƙashin matakala akwai wani kurtu da mutum ba ya iya miƙewa tsaye a ciki, na masu taurin kai. Sai wani siririn zaure da ya miƙe zuwa wata ƙofa da ke buɗe a kan teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Mun tsaya a bakinta ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi magana.

A nan ne kuma aikin malanta ya motsa mana. Akan gaya wa baƙi cewa miliyoyin mutane sun fita ta wannan ƙofa. Masana tarihi da suka bi takardun jirage, irin su Philip Curtin, sun nuna ba haka ba ne. Cikin mutum wajen miliyan 12 da rabi da aka ɗora a jirage zuwa nahiyar Amurka, kaɗan ne ƙwarai suka bi ta Gore, mafi yawa ta gaɓar Angola da Kongo da mashigin Binin da na Biyafara aka fitar da su. Haka nan kada mu koma gida mu ce kakanninmu ta nan suka bi. Hausawan da aka kai Bahiya ta ƙasar Barazil, waɗanda suka yi yunƙurin tawaye a 1807 da bayanta, ta tashoshi irin su Ikko da Wida aka sayar da su. Gyara lissafi bai rage wa gidan komai ba. Yaro ɗaya tak da aka raba da uwarsa a wancan ɗaki ya isa a yi kuka. Amma wanda ya ƙara wa gaskiya gishiri ya miƙa wa mai musu sanda, domin ranar da aka kama shi a kan adadi, sai a ƙaryata har abin da ya faru. Sannan adalci ne mu tuna cewa Bature bai shiga daji shi kaɗai ya kamo mutane ba, akwai masu sayarwa, kuma a ƙasarmu ma bauta ba ta ƙare a doka ba sai 1936.

Yaya aka yi wannan gida ya zama sananne a duniya alhali akwai tashoshin da suka fi shi ɓarna? Amsar ita ce mutum guda, Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da gidan tun 1962 har rasuwarsa a 2009. Ya share, ya gyara, ya tsaya a tsakar gida kullum yana ba da labari ga duk wanda ya zo. A 1978 hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya. Nelson Mandela ya zo a 1991, Fafaroma John Paul na biyu a 1992, Barack Obama a 2013.

Bayan mun yi azahar a tsohon masallacin dutse da ke gindin tudu, inda igiyar ruwa ke dukan harsashinsa, muka ci shinkafa da kifi, sai muka nemi wani gini da ayarin baƙi ba su cika tsayawa a gabansa ba. Shi ne tsohuwar makarantar horon malamai ta William Ponty, wadda aka kawo Gore a 1913, ta zauna har ƙarshen shekarun 1930 da aka mayar da ita Sebikotan. Daga duk ƙasashen renon Faransa na Afirka ta Yamma ake zaɓo yara masu hazaƙa a kawo su nan. A cikinsu akwai Félix Houphouët-Boigny, da Modibo Keita na Mali, da Boubou Hama, da Diori Hamani, shugaban Jamhuriyar Nijar na farko, wanda daga baya ya koyar da Hausa da Zabarmanci a birnin Paris. Matsayinta a wajensu kamar na Kwalejin Katsina ne a wajenmu, wadda aka buɗe a 1922, ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello. Ku duba ikon Allah. Yaro ya taso daga bakin Kwara, ya yi makonni a hanya, ya hau jirgin fito ya tsallako tsibirin da aka taɓa ciniki da irinsa, a nan ya koyi alƙalamin da zai karɓi ƙasarsa da shi. Bature ya kafa makarantar don ya sami malamai da akawu masu biyayya, sai ta haifar masa da magada.

Mun tsaya a gaban ginin shiru, babu layi, babu mai ba da labari. Tsakanin gidan da aka sayar da mutum da gidan da aka gina mutum tafiyar 'yan mintoci ce, amma ɗaya ya sami mai magana da yawunsa, ɗaya bai samu ba. Abin da ya sanyaya mana zuciya shi ne har yanzu ana karatu a tsibirin. Akwai makarantar kwana ta 'yan mata mai sunan marubuciya Mariama Ba, wadda ke ɗaukar waɗanda suka fi kowa cin jarrabawa a faɗin ƙasar.

Da la'asar sakaliya muka komo gada. Jirgi ya zo a kan lokacinsa, ma'aikata da 'yan kasuwa suka sauko da kayan cefane, mu muka hau. Dattijon nan namu wannan karon a tsaye ya yi tafiyar, yana waiwayen tsibiri har ya zama ɗigo.

Jama'a, abin da muka ƙullo a bakin zane shi ne wannan: wuri ba ya tuna kansa, sai an sami mai tunawa da shi, kuma mai tunawar wajibi ne ya faɗi daɗi da ɗaci ba tare da ƙari ba. Teku na cin gaɓar Gore, tsohon gidan gwamna ya zama kango, amma labarin da mutum ɗaya ya riƙe shekara 47 ya tsaya. Kowane gari na da ajinsa na farko, da tsohuwar rijiyarsa, da dattijon da ya san wanda ya haƙa ta. Matasa, ku je ku tambaye shi tun yana iya amsawa, ku rubuta yadda ya faɗa.